Zauren Sauti da Anti Rabi: Na'ura ba ta san ɗankwali ba

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun watan nan sun yi mani tuli a teburi, kuma da na zauna tsinta sai na ga huɗun da suka fi tsaya mani a rai duk zancen mata ne da kayan sauti. Masu tambayar batirin inbata ku yi haƙuri sai wata mai kamawa. Hazo ya sauko Katsina, kowa ya nemi ƙyalle ya lulluɓe kayansa, don ƙura ba ta sallama in za ta shiga miksa, na'urar nan ta haɗa sautuka.

Anti Rabi, barka da aiki. Sunana Hadiza, daga Daura, shekarata 24. Shekara huɗu ke nan ina amshi a sitidiyo, wani lokaci nan gida, wani lokaci a kira ni Katsina ko Kano. Na kwashi adashi, naira dubu 200, ina so in sayi makirufo da abin da zan riƙa ɗaukar muryata a ɗaki, in koyi aikin da kaina. Ranar taron ƙungiyarmu ta mawaƙa da masu sitidiyo, mu uku ne mata cikin maza sama da talatin, na ɗaga hannu na tambayi wane iri ya dace da ni. Aka bushe da dariya. Wani ya ce in kawo kuɗin ya sayo mani, wani ya ce kayan ɗaki sun fi mani amfani. Da dare mutum biyu suka kira ni, kuma ba zancen makirufo ya kawo su ba. Tun ranar ban ƙara buɗe baki a taro ba. In haƙura ne, ko da hanya?

Hadiza ƙanwata, kafin komai, kuɗin nan kada su bar hannunki sai a gaban mai kanti, kina tsaye, kunnenki ya ji abin da za ki biya.

Dariyar nan na san ta. A 2003 na fara aiki a wani gidan rediyo a nan Katsina, aikina karanta gaisuwar masu saurare. Akwai gilashi tsakanina da mai kula da na'ura, kullum ina hango wata 'yar fitila tana yin ja in na ɗaga murya, shi kuma ya haɗe rai. Ranar da na tambaye shi ma'anarta, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ke dai yi maganarki." Wanda ya ji tausayina wani dattijo ne mai gyaran kaya, Allah ya jiƙansa, mai tabarau ɗaure da zare. Ya ce in tsaya bayan an tashi. Na ɗauka a kan kujera zai ɗora ni. Ashe tarin wayoyi zai zube mani a ƙasa, ya nuna mani yadda ake naɗi, zagaye ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, don kada cikin wayar ya murɗe. Wata guda cur ban taɓa komai ba sai naɗin waya, tafin hannuna baƙi ƙirin. Sai da ya ga na jefa waya ta miƙe sak ba ƙulli, sannan ya ce, "To, fitilar nan cewa take kin cika ƙwarya har tana zuba." Bayanin da aka hana ni shekara guda, ashe jimla ɗaya ne.

Da na daɗe a cikinsu na gane abin da ke bayan dariyar. Da yawansu su ma ba su da amsar. Da kallo suka koya, sun san in an murɗa nan kaza zai faru, dalilin ne babu. Tambayarki ta zo musu a ba-zata a gaban abokai, kuma daga bakin 'yar amshi. Ban wanke su ba, amma kada ki ɗauka wani sirri ne a hannunsu da ya fi ƙarfin kanki.

Ki duba yadda muka tsara sitidiyo a ƙasar nan. Mace ta shiga ɗan ɗaki, a sa mata abin ji a kunne, ta maimaita baiti huɗu, a sallame ta. Abin da za a yi da muryarta bayan ta fita, wanda ke kan kujera ne mai yanke hukunci. Manhajar Auto-Tune ta fito tun 1997 don gyara ɗan kuskuren murya, mu kuwa muka mai da ita gishirin kowace miya, har an kai mata biyar su yi waƙa ka rantse mutum ɗaya ce, duk an siranta su kamar tsinken tsire. Na san wadda ta ji waƙarta a shagon mai caji ba ta gane kanta ba. Shi ya sa na ji daɗin wasiƙarki, kujerar kike nema.

Yanzu kaya. Makirufo iri biyu za ki tarar a kanti, kondensa da dainamik. Kondensa shi ne mai kyan gani, wanda kika saba tsayawa a gabansa, kuma shi za su tura miki. Yana son wutar bolt 48 daga akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta kafin ya yi aiki, ga shi da kunnen tsiya. A ɗaki irin namu mai rufin kwano zai kwaso miki akuyar maƙwabta, da ɗan acaɓa, da injin markaɗen bayan layi, duk a cikin baitinki. Dainamik ba ya son wata wuta, kuma abin da ke bakinsa ya fi ji. Shi za ki saya. Shure SM58 tun 1966 ake ƙera shi, har gobe shi manyan mawaƙan duniya ke riƙewa a dandali, yana faɗuwa ƙasa a ɗauka a ci gaba. Matsalarsa jabu sun cika kasuwa. Na ainihi yana da nauyi, wajen giram 300, kuma ba a sayar da shi a kuɗin banza. In an yi miki arahar da ta ba ki mamaki, ki tuna araha ba ta ado. In kuɗi sun gaza, Behringer XM8500 na gaske ya fi Shure na ƙarya sau goma.

Sai akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, wanda 'yan sitidiyo ke kira sawun kad. Mai ƙofa ɗaya ya ishe ki, kamar Focusrite Scarlett Solo, ko Behringer UMC22 in aljihu ya yi nauyin tashi. Ki haɗa da waya mai haƙora uku da ake cewa XLR, da abin ji mai rufe kunne ruf, don kada kiɗa ya tsiyayo ya koma cikin makirufo. Sifikun sitidiyo ki bar su tukuna. Manhaja kuwa Audacity kyauta ce, ki fara da ita, in hannunki ya faɗa kya koma Cubase ko FL Studio da ake amfani da su a Kano. Ban sa farashi ba da gangan, don kafin mujallar nan ta iso Daura dala ta sake wani tsallen. In ba ki da kwamfuta, ta hannu mai lafiya ita ce farkon saye, sauran su jira zagayen adashi na gaba.

Ranar saye ki tafi da yayanki ko wata babba, amma ke za ki yi magana. A jona miki, ki sa abin ji a kunne, ki rera baitin da kika fi sani, ki girgiza wayar ki ji ko tana ƙaras-ƙaras. Mai kantin da ya hana gwaji, ki yi masa sai an jima.

Ɗakin ma kaya ne, kuma a nan mata mun fi maza gata. Ki jingina katifa a bangon da ke bayanki, ki shimfiɗa darduma, ki buɗe durowar kayanki ki fuskanci atamfofi da lesuka kina waƙa. Tufafi na shanye amsa-kuwwa. Kwalin ƙwai da kike gani an lilliƙa a bango, kyankyasai kawai yake tarawa. Ki kashe fanka, ki bar kamar yatsu huɗu tsakanin bakinki da makirufo, ki saita ƙarfi yadda ko kin ɗaga murya ma'aunin ƙarfin sauti da ke cikin manhajar zai tsaya wajen -12, kada ya taɓa ja. In janareto ke aiki kika ji wani zuuu a ƙasa-ƙasa, zare cajar kwamfuta ki yi da batir.

Taron ƙungiya kuwa, ki koma. Ke 'yar garin Daurama ce, ba a Daura za a koya wa mace zama a gaba ba. Ki ja sauran biyun ku zauna wuri ɗaya, kuma wannan karon ki yi tambaya mai suna da lamba, kamar ki ce kina da kaza, kin jona da kaza, yana yin kaza, me ya jawo? Za ki ga masu barkwanci sun yi tsit, wanda ya san aiki ya fito, don ba a rasa mutum biyu ko uku na kirki a kowane taro. In wani ya ce ki same shi daga baya ya yi miki bayani, ki ce ya taimaka ya faɗa a nan kowa ya ƙaru. Masu kiran dare kuma amsarsu ɗaya ce: in aiki ne, gobe da hantsi a gaban jama'a, in aure ne, Baba yana zaure.

Abu na ƙarshe, daga yau duk inda kika ɗora murya ki nemi a zuba miki ɗanyarta a filashi, ta WAV, wato irin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, tun ba a taɓa ta ba. Ku yi wannan maganar, da ta sa sunanki, kafin ki shiga ɗakin ɗauka. Bayan kin fito ba ki da abin ciniki.

Hajiya, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne a Ƙofar Ƙaura. Ɗiyata ta gama difloma, tun tana ƙarama ita ke gyara mana rediyo da soket a gida. Yanzu ta matsa in saya mata sifiku ta riƙa kai wa gidajen biki haya, wai na mata zalla. Ni kuma sunan dije nake gudu, kin san gari. Me kika gani? Alhaji M.

Alhaji, ranka ya daɗe. Tsoronka ba na banza ba ne, uba ne kai, kuma sana'ar nan tana da inda ta ɓaci: kai wa tsakar dare, cakuɗuwa, da waƙoƙin da kai da kanka ba za ka so a ji ɗiyarka ce ta saka ba. Amma ka ba ni aron kunne kaɗan.

Ka tambayi Hajiya a gida, a kamu ko wunin biki na ƙarshe da ta je, su wa ke zaune a kusurwa bayan sifiku? Samari biyu ne, da waya a hannu, a tsakiyar matan aure da 'yan mata. Haka a walimar sauka, haka a wa'azin mata. FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi, tun 1985 take tara mata a ƙasar nan, ga Islamiyyun matan aure a kowace unguwa, duk suna buƙatar a ji muryar malama har sahun baya. A bikin ɗiyar yayata a Rafindaɗi na ga abin da idona. Mata sun yi jugum cikin mayafi, kiɗa na tashi ba mai motsi. Na je na ce wa yaran su nuna mani inda suka jona, su je su ci abinci a waje zan kira su. Ƙofa na rufuwa, wata gwaggonmu da ke kukan gwiwa tun azumi ta yar da sanda ta shiga fili. Ranar mata huɗu suka karɓi lambata.

Don haka abin da ɗiyarka ta hango gaskiya ne, kasuwa ce da ba mai tsaron ta. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da ake yi da irin wannan. Ka sa sharuɗɗanka a fili: taron mata kaɗai, a tashi kafin isha'i, ƙanenta ya kai kaya ya tsaya a ƙofa, ka san gidan da za ta tun kwana biyu kafin ranar. Ku fara da kaɗan, sifiku biyu masu amfilifaya a cikinsu, ƙaramar miksa mai ƙofa shida ko takwas, makirufo biyu masu waya, da sitabilaiza mai kyau, don wutarmu ba ta da alƙawari. Ka ba ta a matsayin bashi da littafi, ta fi riƙe shi da daraja.

Gargaɗi ɗaya gare ta, ta kula da kunnenta. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata shi ne ƙarar desibel 85 (da desibel ake auna ƙarfin ƙara) awa takwas ce iyakarta a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kacal. Bikinmu kuwa sai ƙirji ya girgiza ake cewa an yi kiɗa. Ta zauna a bayan sifiku ko gefe, ta sayi abin toshe kunne. Jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa.

Anti, ni ɗaliba ce a sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kakata a wani ƙauye wajen Mani ta iya waƙoƙin daka da niƙa, kuma da ƙuruciya ta yi kiɗan ƙwarya. Ina so in ɗauka don kundina, amma waya kawai gare ni. In jira sai na sami kayan kirki? Zainab.

Zainab ɗiyata, ranar Asabar ɗin nan ki hau mota. Wayar ta isa.

Hajiya Barmani Choge ta rasu a Funtua a 2013, kuma muna da amadarta ne saboda an ɗauka. Tsararrakinta nawa ne a cikin gidaje da suka tafi da nasu a ciki? Alhaji Mamman Shata, da ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, duk inda ya tsaya akwai mai riƙe da rikoda. Waƙar turmi da dutsen niƙa kuwa a tsakar gida ake yin ta, inda namiji baƙo ba ya shiga, in ma ya shiga tsohuwa ba za ta buɗe baki ba. Injin markaɗe ya kashe dalilin yin waƙar. Aikin nan in ba irinku ba, ba mai iya yin sa.

Ki sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ki, ki nemi manhajar ɗauka mai ajiye WAV. Kada ki riƙe ta a hannu, kada ki aje ta a ƙasa, ki ɗora a kan filo bisa kujerar tsugunno. Ƙwarya ta fi murya ƙarfi, musamman wadda aka kifa a ruwa, mai amo kamar daga cikin rijiya. Saboda haka wayar ta fi kusa da bakin Kaka, ƙoren su ɗan yi nesa, don duk ninkin tazara yana rage ƙara da kusan desibel 6. Ki gwada minti ɗaya, ki saurara, ki gyara zama. A farkon kowace ɗauka ki faɗi rana da gari da sunan mai waƙa da bakinki, don takarda na ɓata.

Ki kira ƙawayenta biyu ko uku. Ita kaɗai za ta ce ta manta, amma in wata ta ɗauko baiti ta yi kuskure, za ki ga ta karɓe da faɗa. A 2006 na kai wa Innata rikoda mai kaset, ta dube ni ta ce, "Mi za ki yi da shirmen ga, ɗiyar nan?" Sai da maƙwabciyarta ta shigo aron rariya ta tsokane ta, sannan aka yi minti 40 ba tsayawa. A tsakiyar waƙa ta uku zakara ya yi cara, Inna ta tsaya ta zage shi ta ɗora daga inda ta tsaya. Wani yaro ya taɓa cewa zai cire mani zakaran da kwamfuta, na ce ya taɓa ya gani.

Ki kuma tambaye su wacce za a iya fitarwa. Waƙoƙin mata akwai habaicin kishiya da sunan mutane, akwai na ɗakin amarya da ba don kunnen maza aka yi su ba. Abin da suka ce a bari a gida, ki bar shi a gida, ko malaminki ya so. Ki aje kwafi uku a wuri uku, in za ki tura ta WhatsApp ki tura a matsayin fayil, don saƙon murya yana matse sauti. Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ki ya ɗora mata fiyano.

Malama ce ni a Islamiyyar matan aure a Ƙofar Marusa. Sifikarmu in na fara karatu sai ta yi wani kuka mai huda kunne, in ta yi shiru kuma sai gurnani. Mai gyara ya ce sai an sayi sabuwa. Malama A.

Malama, Allah ya ƙara sani. Kada ku tara kuɗin sabuwa tukuna. Kukan nan makirufo ne ke jin sifika, sifika ta maimaita, ya sake ji, abin ya yi ta zagayawa. Ki matsar da sifikar gabanki ta fuskanci ɗalibai, ke kina bayanta. Ki kawo makirufo kusa da baki ki rage ƙarfi daga amfilifaya, kuma kada ki dunƙule kansa da tafin hannu ko ki rufe shi da hijabi, hakan ƙara jawo kukan yake.

Gurnanin kuwa na wuta ne, wadda a ƙasar nan ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ki jona amfilifaya da duk abin da ke haɗe da ita a soket ɗaya, ki raba wayar makirufo da wayar wuta kada su kwanta tare. In wani ya ce a karya dogon haƙorin fulogi gurnani zai tafi, kada ki yarda, shi ne ke tsare ki daga jan wuta in kaya sun lalace. Sannan ki zare wayar makirufo daga amfilifaya ki saurara. In gurnanin ya ɗauke, laifin wayar ne, galibi silin ɗaya ne ya tsinke a cikin kanta. Unguwarmu ɗaya, ki ba wata ɗaliba ta kawo ofishin mujalla ranar Talata, in ta zo da ƙawarta ma ya fi, sai in nuna masu yadda ake liƙa ta da dalma.